Daga Zaure Zuwa Bangon Mujalla: Tarihin Mai Hoto A Ƙasar Hausa

Kafin mai karatu ya buɗe shafin farko na kowace mujallar fim, ya riga ya gama ciniki da fuskar da ke bango. Haka abin yake ga kwalin kaset a zamanin da kaset ke tashe, haka yake ga littattafan soyayya da ake bajewa a bakin tasha. Fuska ce ke tsayar da mai wucewa, ita ce ke sa shi laluba aljihu. To amma a tambayi masoya finafinai: wa ya ɗauki hotunan Ahmad S. Nuhu da ake yawo da su a waya duk ranar 1 ga Janairu, ranar da Allah ya karɓi ransa a 2007? Sai a yi tsit. Mun san darakta, mun san furodusa, mun san mawaƙi, har mai kiɗan fiyano mun haddace sunansa. Shi kuwa mai hoto, da zarar ya danna ya karɓi ɗan abin da aka ba shi, an gama da shi ke nan.

Wannan maƙala waiwaye ce a kan wannan bawan Allah da ɗan ɗakinsa mai labule, tun daga manyan birane har zuwa garuruwa irin su Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa a kudancin Jihar Katsina. A wannan ɗaki ne talaka ya fara samun damar zaɓar yadda yake so a gan shi, kuma daga nan ne industirin fim da kasuwar littafi suka gaji fuskokin da suke sayarwa.

YADDA KYAMARA TA ISO

A 1839 aka bayyana wa duniya hanyar ɗaukar hoto ta Louis Daguerre a Faransa. Ba a jima ba sana'ar ta biyo jiragen ruwa zuwa gaɓar Afirka ta Yamma. A Nijeriya, tarihi ya riƙe sunan Jonathan Adagogo Green, mutumin Bonny, wanda ya rasu a 1905, da George Da Costa da ya buɗe ɗakin hoto a Ikko a 1895. A birnin Benin kuma, Solomon Alonge, mai hoton fadar Oba, ya buɗe nasa a 1942.

A Arewa, kyamara ta shigo da ƙarfinta ne a hannun Turawan da suka ci Kano da Sakkwato a 1903. Shi ya sa yawancin tsofaffin hotunan ƙasar Hausa na sarakuna ne, da dogarai, da ganuwa, da 'yan kasuwar da ba a rubuta sunayensu ba. Baturen ne ke zaɓar wanda za a ɗauka, shi ke zaɓar inda zai tsaya, kuma shi ke tafiya da hoton gidansu. Sarakuna ne suka fara sabawa da abin. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, kuma ya je Makka da Ingila a 1921, yana cikin sarakunan da muka san kamanninsu sarai saboda hoto. Sarakunan da suka gabace shi a ƙarni na 19 kuwa, sai dai labari.

Hoton talaka jirgin ƙasa ne ya kawo shi. Layin dogo ya iso Kano a 1911, aka kafa Sabon Gari, 'yan kudu suka zo da sana'o'insu: tela, kafinta, akawu, da mai hoto. Yarbawa ne suka fi yawa a harkar, har wata mai binciken tarihi, Erika Nimis, ta wallafa littafi a 2005 a kan yadda suka bazu da kyamarorinsu cikin ƙasashen Afirka ta Yamma. Reshen dogo da ya tashi daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau, ya kai Ƙauran Namoda a 1929. Funtuwa ta bunƙasa da cinikin auduga, ta zama birnin da mutanen Faskari da Sabuwa da Ɗandume da Bakori ke zuwa neman abin da babu a ƙauye. Mutumin Ƙanƙara kuma yana da Malumfashi a kusa. Ta irin waɗannan garuruwa sana'ar hoto ta ratsa yankin, yaran gari suka zauna a gaban baƙi suka koya, daga baya suka buɗe nasu.

ABIN DA YA SA AKA YARDA

Ba da gudu Bahaushe ya karɓi hoto ba. Malamai sun yi saɓani a kansa: wasu sun sa shi cikin surar da aka hana, wasu sun ce kamar inuwa ce ko abin da madubi ke nunawa, wasu kuma sun halatta shi don lalura kawai. Dattijai da yawa sun rayu sun koma ga Allah ba su taɓa tsayawa gaban kyamara ba, kuma da gangan.

Lalurar ce ta buɗe ƙofa. Da aikin hajji ya koma na fasfo da jirgin sama, dole maniyyaci ya ba da hoto, komai tsantseninsa. Aka kafa hukumar alhazai ta ƙasa a 1975, a shekarun da kuɗin fetur ya sa manoma da 'yan kasuwa da yawa suka samu halin sauke farali. Alhazai suka riƙa dawowa da hotunan da suka ɗauka a can, a gaban labule mai zanen Ka'aba ko masallacin Madina, a rataye a ɗaki kusa da agogon bango. Sai ga shirin ilmin firamare kyauta na 1976, wanda ya cika makarantu da yara. Duk wanda zai ci gaba zuwa sakandare ko kwalejin horon malamai, takardunsa na neman ɗan ƙaramin hoto. Haka aikin soja, haka ɗan sanda, haka lasin tuƙi.

Akwai kuma ƙauna. Hoton Shehu Ibrahim Inyass, wanda ya rasu a 1975, ya shiga shaguna da motocin haya. Hotunan Sardauna da Tafawa Ɓalewa da Malam Aminu Kano sun hau bangon zauruka. A 1977 fuskar Janar Murtala ta fito a takardar naira 20, kowa ya sa ta a aljihu. Wanda ya saba ganin fuskar shugabansa a bango, wata rana zai so ganin tasa.

CIKIN ƊAKIN HOTO

Ɗakin hoto na wancan zamani ba wani ƙaton wuri ba ne. Sau da yawa shagon ƙofar gida ne, ko zaure, ko ɗaki ɗaya da aka raba biyu da katako: gaba wurin ɗauka, baya ɗakin duhu na wanki. Kayan aikin su ne labule, kujera, ɗan tebur da furen roba, madubi da mataji a bakin ƙofa, sai kyamara irin Yashica mai ido biyu wadda ake leƙawa ta sama, fim ɗinta na cin hoto 12. A bakin kasuwa da ƙofar ofisoshi kuma akwai masu akwatin katako mai ƙafa uku, wanda shi ne kyamara shi ne ɗakin wanki. Mai hoto zai zura hannu ta cikin wani hannun riga da aka ɗinka wa akwatin, ya wanke takardar a ciki, ta fito baƙi ya zama fari, fari ya zama baƙi, sannan ya sake ɗaukar wannan takardar don kamanni su dawo daidai. Kafin ka gama cin goro an miƙo maka hoton fasfo da ɗanshinsa.

Wanda ya fi kowa suna a irin wannan aiki na cikin gida mutumin Mali ne, Seydou Keita. A 1948 ya buɗe ɗakin hotonsa a tsakar gidansu a Bamako. Hasken rana yake aiki da shi, labulensa na farko kuwa zanen gadonsa ne. Ya tanadi kwat da agogo da alƙalami da rediyo da babur, duk wanda ya zo ya ari abin da yake so a gan shi da shi. Ko da yake Bamako na da nisa, duk wanda ya buɗe tsohon albam a Katsina ko Maraɗi zai ga irin wannan tsari: saurayi ya ɗora ƙafa a kan kujera ya turo hannu gaba don agogo ya fito, ɗalibi ya rungume littafi, amarya ta zauna gefen jeren kwanoninta, abokai biyu sun yi anko suna musabaha. Rediyon na aro ne, agogon ma wataƙila na aro ne, amma burin na mai shi ne. A nan bambancin yake da hoton Bature. Wannan karon mai fuskar ne ya biya, shi ya zaɓi rigarsa, kuma shi zai tafi da hoton gida.

Silima ma ta sa hannu. Tun da aka buɗe gidan silima na Rex a Kano a 1937, daga baya finafinan Indiya suka mamaye zukata, samari da 'yan mata suka riƙa kwaikwayon tsayuwar jaruman da suke gani a fosta: tagumi da hannu ɗaya, kallon gefe, mayafi a rabin kai. Ranar sallah ce babbar kasuwar mai hoto, layi har waje. Matan aure da ke kulle kuwa, sai dai a kira shi gida ranar suna ko biki, da izinin maigida. Ga masu karanta littattafan soyayya, ba sai an faɗa masu darajar hoton da budurwa ta ba saurayi a cikin ambulan ba, ko tashin hankalin da ke biyo baya idan an ɓata aka ce a dawo da shi.

ZUWAN KALA

A shekarun 1980 hoto mai kala ya kori baƙi-da-fari. Jama'a sun yi murna, amma mai hoto ya yi asarar rabin sana'arsa. Wankin kala na bukatar injin mai tsada da wutar da ba ta yankewa, don haka sai manyan birane. Mai hoto a gari kamar Ƙanƙara zai yi ta ɗauka har fim mai cin 36 ya cika, sannan ya shiga mota ko ya ba direba saƙo zuwa inda injin yake, a dawo da hotuna bayan kwanaki. Idan fim ya ƙone, bikin ya wuce ke nan. Ɗakin duhu ya zama wurin ajiye tarkace, gwanintar wanki da gyaran fuska da fensir ta tafi da masu ita.

Kyamara kuma ta yi araha, ta yi sauƙin riƙewa. Sai ga samari a kan keke, jaka a kafaɗa, suna bin makarantun kwana da kasuwannin ƙauye da gidajen biki. Bayan an ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987, sabbin ma'aikatu da ƙananan hukumomi suka ƙara yawan masu neman hoton fasfo. Wannan ne zamanin da kusan kowane gida ya mallaki albam, wanda ake miƙa wa baƙo ya riƙa dubawa kafin a kawo abinci.

LITTAFI, KWALI DA MUJALLA

A daidai wannan lokaci adabin kasuwar Kano ya taso. Littattafan farko, na zamanin su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino, da zanen hannu aka fi yi masu bango. Da kwamfuta ta shiga maɗaba'u sai hoto ya ture zane, fuskokin 'yan mata suka cika bangon littafi, wasu ma an yanko su ne daga fostocin Indiya. A bayan littafi kuwa, marubuta maza sukan sa hotonsu, yayin da mata da yawa suka gwammace a san alƙalaminsu kawai. Shi ya sa littafin hotuna na Ba'amurkiya Glenna Gordon a kan marubuta mata na Kano, wanda ya fito a 2016, ya ja hankali: duniya ta ga fuskokin da masu karatu suka daɗe suna sanin sunayensu.

A fagen fim, bayan 'Turmin Danya' na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990, kasuwar kaset ta kafu a kan wani tsari da ya kamata a tuna. Furodusa ba kaset yake sayar wa dilolin Ƙofar Wambai ba. Kwali yake bugawa ya sayar masu, su kuma su kwafi fim ɗin a kaset ɗinsu su zura a ciki. Yawan kwalin da ya sayar, yawan kuɗinsa. Wato dai jarin fim gaba ɗaya yana rataye ne a kan hoton da ke jikin kwali da fosta. Idan fuskar Ali Nuhu da Fati Mohammed ta fito da kyau a zamanin 'Sangaya', kasuwa ta buɗe. Idan ɗan Ibro ya yi wani irin kallo a fosta, tun kafin a kunna bidiyo an fara dariya. Duk da haka, da wuya ka ga sunan wanda ya ɗauki hoton a jikin kwalin.

Sai mujallu suka zo. 'Tauraruwa' ta fito a Kano a 1998, 'Fim' ta biyo baya a Maris 1999 a ƙarƙashin Ibrahim Sheme, wanda shi kansa ɗan yankin Faskari ne. Da su aka shiga zamanin hoton bango da na tsakiyar mujalla, wanda 'yan mata ke cirewa su manna a ɗaki, masu shayi da masu aski su manna a shago. Yarinyar da ke son shiga fim kuwa, guzurinta na farko shi ne hoto mai kyau da za ta nuna a ofishin furodusa. Da Balaraba Muhammad ta rasu a haɗarin mota a 2003, hotunan da aka taɓa ɗaukar ta su ne abin da masoyanta suka riƙe.

WAYA TA ZO, ƊAKI YA DAWO GIDA

Wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, bayan 'yan shekaru ta samu kyamara. Abin da ya girgiza industiri a 2007, lokacin da wani hoton bidiyo na sirri ya fita daga waya ya zagaye gari, ya koya wa kowa cewa hoton zamani ba shi da ambulan. Hukuma ma ta janye cinikinta. A rajistar masu zaɓe ta 2011, da rajistar BVN ta bankuna da aka fara a 2014, da ta lambar ɗan ƙasa, kwamfuta ce ke ɗaukar fuskarka nan take, ba ruwanta da ko ka shirya. Kamfanin Kodak da kansa ya bayyana karyewa a 2012. Masu hoto da yawa suka koma ɗaukar bidiyon biki, wasu suka bar sana'ar.

Amma bukatar fuska mai kyau ba ta mutu ba, ƙaruwa ma ta yi. Ɗan takara na son fosta, marubuciya na son hoton da za ta sa a shafinta, jarumi na son na Instagram, mai neman aiki na son na takardunsa. Sai ga matasa, har da mata, suna mayar da ɗaki ɗaya a gida wurin ɗaukar hoto daga ƙirji zuwa sama. Ka'idar ba ta sauya daga ta Keita ba. Haske ya zo daga gefe, ɗan sama da ido, ko na taga ne ko na fitila mai laima. A ɗaya gefen a sa farin allo ya mayar da hasken don rabin fuska kada ya nutse. Mutum ya matso taku biyu daga labule saboda inuwa. Kyamara ta tsaya daidai ido, daga ɗan nesa, don hanci kada ya kumbura. Mafi wuya shi ne baƙar fata cikin farar shadda ko farin hijabi: ka bi rigar fuska ta yi duhu, ka bi fuskar riga ta ƙone. Gwani fuskar yake bi.

A nan akwai abin dubawa. Shekaru da dama Kodak na auna kalar injinan wanki da katin gwaji mai hoton Baturiya, don haka fim bai san darajar baƙar fata ba. Yau da gyara ya koma kwamfuta, mu da kanmu muke wanke jaruma har mahaifiyarta ta kasa gane ta. Yarinyar da ke kallon fosta a Sabuwa tana ɗaukar darasi daga wannan, kuma mai sayar da man shafe-shafe ne ke cin ribar darasin.

ABIN DA KE SALWANTA

Keita ya adana nagatif ɗinsa dubbai. Da aka nuna wasu hotunansa ba suna a New York a 1991, aka bi sawu har Bamako aka same shi, a 1994 aka yi masa baje koli a Paris. Ɗan ƙasarsu Malick Sidibe ya karɓi babbar lambar yabo ta Venice a 2007. Ajiyar Alonge tana gidan tarihi na Smithsonian a Amurka. A Ikko, Karl Ohiri ya fara tattara nagatif ɗin tsofaffin ɗakunan hoto a 2015, bayan ya tarar ana zubar da su ana ƙonawa. Mu a nan, gara da zafi da ɗigar damina ne ke gadon masu hotonmu.

A kudancin Katsina abin ya fi haka ciwo. Shekarun ta'addancin 'yan bindiga sun tashi ƙauyuka a Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara, kuma mai gudun tsira da rai ba ya tsayawa ɗaukar albam. A daren 11 ga Disamba 2020 aka kwashe ɗalibai daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, aka sako 344 bayan kwana shida. A irin waɗannan kwanaki, ɗan hoton fasfo da aka ɗauka don cike takarda yakan zama abin da uwa ke riƙewa a hannu. A Satumba 2021 kuma aka rufe layukan waya na tsawon watanni a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da waɗannan ukun, wanda ya nuna cewa ajiyar da ke intanet ma tana iya yin nisa da mai ita. Wayar da ta faɗa ruwa ko aka ƙwace a hanya, ta tafi da hotunan shekara biyar.

Masu rubuta tarihi sun san zafin wannan. Da Ibrahim Sheme da Aliyu Ibrahim Ƙanƙara da abokan aikinsu suka fitar da 'Shata Ikon Allah!' a 2006, shekara bakwai ke nan da rasuwar Mamman Shata, ga kuma ɗimbin mutanen da ya waƙe waɗanda suka riga shi tafiya. Muryar da ta ambace su tana nan a kaset, amma kamannin kowannensu sai in wani a cikin zuri'arsa ya adana hoto. Haka zai faru da 'yan wasan farko na Tumbin Giwa da marubutan shekarun 1980 idan aka yi sake.

Gyaran ba ya bukatar kuɗi mai yawa. Wanda ke da albam a gida ya zauna da tsohuwar da ta san mutanen ciki, ya rubuta suna da gari da shekara a bayan kowane hoto da fensir, ya ɗauke shi da waya ya tura wa 'yan'uwa biyu ko uku. Wanda mahaifinsa mai hoto ne, kada ya zubar da kwalin nagatif. Ya nemi Gidan Arewa a Kaduna, ko Gidan Makama a Kano, ko hukumar tarihi da al'adu ta Jihar Katsina, ko sashen tarihi na jami'a mafi kusa. Furodusoshi da marubuta da mu 'yan jarida kuma, mu riƙa sa sunan mai hoto a ƙarƙashin aikinsa kamar yadda ake sa na darakta. Waɗanda suka riga mu gidan gaskiya cikin masu wannan sana'a, Allah ya jiƙansu da rahama, amin.